Ranar da Adama Ta Kira Ɗan Farinta

Duk wanda ya taɓa sayen ƙuli-ƙuli a Sandamu ya san Adama, in bai san fuskarta ba ya san hannunta. Ƙulinta siriri ne mai yaji, man gyaɗarta kuma ba ta taɓa yi masa gauraye ba. Doguwar mace ce marar yawan magana, 'yar Fulanin wajen Zango, matar Malam Lawal dillalin awaki. 'Ya'yanta kowanne tana kiransa da sunansa, in ta ƙwala wa ɗaya kira daga madafa har maƙwabta sai sun ji. Ban da na farin.

Na farin sunansa Yazid, amma a bakin Adama ba shi da suna. “Wannan” take ce masa, in ta so tsawaitawa ta ce “ɗan gidan Madina”. Haka ta taso ta tarar: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Uwarta ba ta taɓa kiran babban wanta ba har ta koma ga Allah, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ta ƙaunarsa. Da aka yaye Yazid sai aka ba Madina riƙonsa, yayar Malam Lawal, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Katanga ɗaya ce ta raba gidajen biyu. Adama ta wanke 'yan kayansa ta ɗaure ta miƙa, fuskarta ko gezau, mata suka yi ta yaba kararta. Abin da ta sha a ɗaki bayan an watse, wannan tsakaninta da Ubangijinta ne.

Daga nan duk hidimarta ta koma bi ta kan katanga. Ta miƙa kwanon tuwo ta ce ragowa ce, alhali tsokar da ta fi kowacce tana kwance a ƙasan miya. Shekarar da ƙyanda ta kwantar da yaron kamar ba zai tashi ba, kunya ta hana ta shiga gidan. Sai ta kwashe buhun gyaɗa ta dawo da shi gindin katangar, ta zauna tana ɓara tana sauraron tarinsa, har yatsunta suka tsattsage. Ta ɓare gyaɗar da ba ta da niyyar soyawa a wannan watan. Ranar da ta ji muryarsa yana neman koko, ta tashi ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa. Wuri ɗaya ne kawai sunan yake fita daga bakinta, shi ne in ta kai goshinta ƙasa a salla. A nan takan faɗe shi a hankali, ta roƙa masa abin da za ta roƙa, ta tashi kamar ba ta ce komai ba.

Yaro ya girma yana kiran Madina Inna, ita kuma Adama yana ce mata Adda, wato yaya da Fulatanci. Ya yi makaranta a Katsina, ya wuce Abuja, ya koyi aikin ɗaukar fim. In ya zo hutu kyamara na rataye a wuyansa, ya yi ta bin mutanen gida da ita kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Kowa ya saba, har Malam Lawal yakan gyara hula in ya hango shi. Adama ce kaɗai ba ta saba ba. Duban kyamarar nan duban tsakar idonsa ne, don haka da ya doso sai ta juya masa baya ta ci gaba da matsar mai. Wata rana ya tsaya a kanta ya ce, “Adda, wai mene ne sunana?”

Ta ce, “Tafi ka ba ni wuri, kana tare mini haske.”

Ta ɗauka zolaya ce irin ta 'yan boko. Da yamma ta cika masa leda da ƙuli ta ba ƙanwarsa ta saka masa a jaka.

Ana haka, wata shekara bayan an cire gyaɗa, sai ga shi da mota. Ya ce fim ɗinsa ya shiga gasar gajerun fina-finai ta duniya da za a yi a Abuja, za a zo daga ƙasashe da dama, kuma yana so a tafi da Adda. Ba Inna ya ce ba, Adda ya ce. Adama ta sunkuyar da kai ta ce ita me za ta je yi, amma zuciyarta fal take da murna. Ta ce a ranta ashe yaron ya gane. Ashe ya san wace ce take saka tsoka a ƙasan kwano. Ta soya ƙuli na musamman ta cika bokiti, ta ciro atamfar da take ajiya don bikin aure. Aka haɗa ta da Ummi, 'yarta mai koyarwa a firamare, don ta riƙa fassara mata Turanci.

A ƙofar zauren taron masu gadi suka ce ba a shiga da abinci, dole bokitin ya tsaya a wurinsu. Ciki kuwa sanyi kamar an zauna a randa. Ga Turawa, ga Indiyawa, ga baƙaƙen fata masu yaren da ba ta taɓa ji ba, kowa da kati a rataye a wuya. Aka kashe fitilu aka yi ta nuna fina-finai, wannan na bin wancan. Wani a kan masunta ne, wani kuma zane ne yake motsi. Har gyangyaɗi ya fara ɗibarta sai Ummi ta taɓa ta.

Tsakar gidanta ta gani, ƙatuwa, ta cika bango. Ga turminta, ga kaskon suya, ga kuma bayan wata mata da zane mai faci a ƙugu. Sai da ta ga facin ta gane kanta. Muryar Yazid ta fito da Hausa, ana rubuta Turanci a ƙasa. Ya ce, “Wannan ce ta haife ni. Ban san yadda sunana yake a muryarta ba.”

Daga nan sai ƙeyarta. Ƙeyarta a bakin murhu, ƙeyarta a bakin rijiya, ƙeyarta ranar Salla, shekara bayan shekara, ɗankwali yana canzawa, kafaɗa tana ranƙwafawa. Aka nuno ta tana kiran ƙannensa ɗaya bayan ɗaya da dukkan muryarta. Aka nuno ranar da ya tambaye ta ta ce yana tare mata haske, zauren ya ɗauki wani gunaguni na tausayi. Sannan aka nuno Madina zaune a kan tabarma tana ba da labarin ƙyanda. Ta ce, “Ni kaɗai na yi jinyarsa. Uwarsa ko leƙowa ba ta yi ba.”

Nan aka yanke. Adama kuwa ta san maganar ba nan ta ƙare ba, domin ranar da aka ɗauka tana jin su ta katanga. Abin da Madina ta ƙarasa da shi shi ne, “saboda kara irin tata, amma tana nan bayan katangar nan, ko abinci ba ta iya ci.” Yabo ne Madina ta yi. Ɗan nata ya ji yabon da kunnensa, ya sa almakashi ya datse shi, ya bar wa duniya rabin da ya fi sa kuka. Wata Baturiya da ke zaune kusa da su ta yi ta share hawaye. Da aka kunna fitilu ta dubi Adama, ta gane ta, ta ɗauke kai.

Ba za a ce yaron ƙarya ya yi ba, kuma abin da ya fi ci mata rai ke nan. Duk abin da ya nuna ya faru. Ciwon da ke muryarsa ma na gaske ne, ta ji shi, ta kuma san ita ce sila. Amma da ya zo ya zauna a gabanta ba kyamara, ko ya aiko Ummi ta tambaye ta, da ta samu hanyar da za ta sanar da shi. Sai ya zaɓi ya kai ƙararta gaban mutanen da ba su san ko Sandamu gabas take ko yamma ba. A masauki Ummi ta yi ta faɗa, ta ce su kama hanyar gida tun da safe. Adama ta ce, “Mu bari a gama. Kada a ce babu nasa a wurin.”

Washegari da la'asar aka yi rabon kyaututtuka. An cika fiye da jiya, masu kyamara sun jeru a gaba. Aka kira na masunta ya karɓi tasa. Can aka buɗe wata takarda, aka karanto sunan Yazid da wani irin lanƙwasa harshe, wurin ya kaure da tafi. Fim ɗinsa ne ya zo na ɗaya. Duk da abin da ke ranta, sai da Adama ta ji wani sanyi ya ratsa ta, ta yi hamdala a ɓoye. Ya hau dandamali cikin farar shadda, ya karɓi wani ƙarfe mai walƙiya, ya yi ta zuba Turanci. Ummi tana fassara mata, sai ta yi shiru a tsakiya.

Adama ta ce, “Me ya ce?”

Ummi ta ce, “Wai ki hau.”

Kafin ta ce wani abu haske ya sauko a kanta, mutane sun juyo suna tafi, wata budurwa ta kamo hannunta. Ta hau matakalar tana riƙe da bakin mayafinta. Yazid ya juyo da Hausa, abin magana a bakinsa, kowa yana ji. Ya ce, “Adda, wannan kyauta ba ita nake nema ba. Abu ɗaya nake roƙo, a gaban mutanen nan. Ki kira sunana.”

Wayoyi suka tashi sama kamar zangarniyar gero. In Adama ta ƙi, ta tabbatar wa duniya abin da fim ya faɗa, kuma ta kunyata shi a ranar da ta fi kowace rana a wurinsa. In ta faɗa, ta zubar da abin da ta riƙe tun yana cikin zani, abin da uwarta ta riƙe, kuma a gaban baƙi. Ta tuna tarinsa ta bayan katanga. Ta ce a ranta, in dai wannan ne zai warkar da shi, to ya karɓa. A karon farko tun yana jariri ta ɗago ido ta dube shi sosai, ta ga ashe har furfura ta fara fito masa a gemu.

Ta ce, “Yazid.”

Sunan da ta saba raɗawa a kan tabarmar salla ya fito ta lasifika da ƙara, ya bugi bango ya dawo, kamar ba muryarta ba. Mutane suka miƙe tsaye, Baturiyar jiya tana kuka tana tafi. Adama ba su take kallo ba, shi take kallo, tana jiran idonsa. Idonsa kuwa yana can gefen dandamali, wurin wani abokin aikinsa mai kyamara a kafaɗa. Ya ɗaga masa gira, wancan ya ɗaga masa babban yatsa. Sai a sannan ya juyo ya rungume ta, ya karkata ta kaɗan ta fuskanci haske.

A waje, ana ta yi masa barka, abokin nan ya zo ya durƙusa ya gaishe ta da ladabi. Ya ce hoto ya fita sarai, amma tafi ya ɗan danne muryar, ko Hajiya za ta daure ta sake faɗa a wuri mai shiru, don za a saka a kashi na biyu na fim ɗin. Yazid yana tsaye yana murmushi, bai ce a'a ba.

Adama ta ce, “Na faɗa, an ji.” Ta dubi Ummi ta ce ta karɓo mata bokitinta wurin masu gadi.

Kafin su iso Sandamu hoton ya riga su isa, yana yawo a wayoyi. Matan da ke zuwa sayen mai suka yi ta tsokanarta, wai Adama ta zama Baturiya. Wasu tsofaffi suka daina dubanta kamar da. Madina ta leƙo ta katanga ta ce, “Sannu da hanya,” ba ta ƙara ba, ita ma an nuna mata inda aka datse ta. Adama ta hura wuta ta ɗora kasko. Abin da ya dame ta ba a bakin mutane yake ba. Da ta kai goshi ƙasa ta zo wurin da ta saba ambatonsa, sai ta ji ƙarar lasifika da tafi, ta ga babban yatsan nan a sama. Ta roƙa masa shiriya da tsawon rai kamar kullum, amma sunan ya ƙi fita.

Bayan 'yan kwanaki Yazid ya bugo waya, tana tsakiyar matsar mai. Muryarsa cike da fara'a, ya ce an gayyace shi wata gasar a ƙasar waje. Sannan ya yi ƙasa da murya, kamar ƙaramin yaro, ya ce, “Adda, yanzu ba kowa, ni kaɗai ne. Ki sake kira na ji.”

Wataƙila da gaske shi kaɗai ne. Wataƙila wannan karon ba abin da yake ɗauka. Ta riƙe wayar a kunne, mai yana bin hannunta, ta gane ba ta da yadda za ta sani, kuma ba za ta ƙara sani ba har abada.

Ta ce, “Ummi, zo ki karɓa. Wannan ne yake magana.”