Tsatsar Usta Gharib

Duk layinmu a unguwar Imbaba an san Usta Gharib da abu biyu, fentin mota da faɗa. Shekara talatin da huɗu yana garejin ƙasan gidanmu, mu muna hawa na uku, su na huɗu. Mutumin nan ko murfin kwalba ya gani da tsatsa sai ya tsaya ya zage shi. Ranar da aka kawo gawar matarsa ma, yana hawaye yana shafa ƙofar motar asibitin yana cewa, "Wane mugu ne ya fesa wannan?" Ni Ummu Sabri ina wurin, da kunnena na ji.

'Ya ɗaya gare shi, Basant, tana aiki a kantin magani. Yarinya mai hankali, sai dai tana cikin masu zuwa taron nan na shekara-shekara da ƙarti suke shigar 'yan fim ɗin katun. Bana ta ce guduma take so, mai tsawon mutum, ta soso da kwali, ranar Asabar ta ƙarshen wata za ta shiga gasa da ita. Uban ya yi masifar kwana biyu, rana ta uku ya sayo soso.

Wallahi da ya gama na gani. Ja da ruwan azurfa, kana ganin haƙoranka a jiki. Ya sauko da ita daga bene yana tafiyar ango. Basant ta zagaya ta sau biyu, ta ce, "Baba, ta yi kyau. Saura ka lalata ta."

"In me?"

"A fim ɗin, mai gudumar daga ƙasan teku ya tono ta. Tsatsa za ka sa mata, da lotsa."

Ihun da ya yi sai da tantabarun saman gidan suka tashi. "Ni? Gharib? In SA tsatsa? Je ki ce wa likita ya sa miki zazzaɓi mana!"

Na leƙo ta taga na ce, "Usta, kawo ta gidana ta kwana biyu, komai nawa da kansa yake tsatsa." Ya ce in mayar da kaina ciki kafin ya fesa min fenti.

Daga ranar ya rufe ƙofa. Mako biyu ba wanda ya san me yake yi, sai ƙanshin kirfa da ke saukowa ta bene, har na fara zaton sabon aure zai yi. Ashe garin kirfa da na gahawa yake kwaɓawa da gam yana shafa wa gudumar, yana gogewa, yana tsine wa kansa. Kunya ta hana shi shanya ta a gareji inda direbobi za su gani. Sai ya kai ta soro, can saman rufin gidan, ya cusa ta cikin tarkacena, tsakanin tsohon gadon ƙarfe da mataccen risho.

To jama'a, laifin wa? Alhamis da hantsi ɗan gwangwan ya shigo layi da amalanken jakinsa yana kiran masu tarkace, "Bikya! Bikya!" Na hau soro, na ɗaga masa kayan ɗaya bayan ɗaya yana kallo daga ƙasa. Da ya hango gudumar nan ya zaro ido, ya ce robar wanki biyu zai ba ni. Na ji dai ba ta da nauyi, na ce ƙila tsatsa ce ta cinye cikinta, kuma ba aikina ba ne in koya wa mutum sana'arsa. Na ɗaure ta da gadon, na zura masa da igiya.

Bayan azahar Usta ya buga ƙofata kamar zai ɓalle ta.

"Ina gudumar?"

"Wacce? Mai ƙyallin?"

"Mai tsatsa, ke masifar Allah!"

Na ce, "Au, Usta, taka ce? Ai na ɗauka kai da tsatsa ba kwa ga maciji."

Wannan karon bai zage ni ba, abin da ya tsorata ni kenan. Ya zauna a matakala ya riƙe kai, ya ce, "Jibi ne. Me zan ce wa yarinyar nan?" Sannan ya tashi ya zage ni, har da kakata.

Muna cikin haka sai hayaniya a ƙasa. Ɗan gwangwan ne ya dawo, gudumar a hannu ɗaya yana kaɗa ta kamar mafici. Jakinsa ya ji ƙanshi ya gatsa kusurwa guda, farin soso ya leƙo.

"Ina matar nan 'yar damfara? Shekara ashirin ina sayen ƙarfe, yau katifa aka sayar min!"

Usta ya sauka da gudu, layi ya cika. Na ce yau za a yi kisa. Ya fizge gudumar, ya duba cizon, ya kalli mutumin.

"Me ka ce ka ɗauka?"

"Ƙarfe mana! Har na yi wa mai sikeli waya!"

"Maimaita da ƙarfi. Wancan mai faci kurma ne."

Mutumin ya maimaita, ya haɗa da rantsuwa, ya karɓe robobinsa.

Basant da ta dawo ta ce a bar cizon, kamar dodo ne ya yi. Uban ya ce aiki ba zai fita daga hannunsa da haƙorin jaki ba. Juma'a ana saukowa daga masallaci ya shimfiɗa gudumar a bakin gareji, a gaban kowa, ya cike gurbin. Ni ya sa dakan kirfar, yana tsaye a kaina yana cewa ta yi gari da yawa, tsatsar gaskiya ɓarzajjiya ce.

Asabar da safe shi ya saɓa ta a kafaɗa har bakin titi, ya yi faɗa da direban bas biyu da suka ce a ɗaure ta a sama. Na uku ya bar ta ta zauna a kujerar gaba. Basant tana baya.

Ni kuwa har yau in na gaishe shi bango yake kallo. Bangon ma cewa yake fentinsa bai yi ba.