Ƙwayar Safe da Tuwon Ciyayya

A unguwarmu ta Tudun Wada magidanta ba sa cin tuwo a cikin gida. Ana idar da sallar magariba sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan dattijon unguwa, kowane gida ya fito da kwanonsa, a zauna a ci tare. Wannan ita ce ciyayya. In an gama da kwano ɗaya a jawo wani, kuma kowa sai ya sa hannu a na kowa. A kan wannan tabarma na tara tumbin da ya hana ni sujada.

Sana'ata sayen masara. Aikina zama a kan buhu, in yi ciniki, in yi ihu, a kawo mini fura. Sannu a hankali gwiwoyina suka ƙi ɗaukata, har ta kai ina sallah a kan kujerar roba a ƙarshen sahu, kusa da tsofaffin da suka girmi mahaifina. Abin yana cina ƙwarai.

Likitar da na gani a Kano ba ta da wasa. Ta auna jinina, ta saurari ƙirjina, ta yi mini tambayoyi kamar na zo neman auren 'yarta, sannan ta rubuta mini maganin rage sha'awar abinci. Ta ce ƙwaya ɗaya da safe, don in na sha da yamma barci zai gagare ni. Ta ce na ɗan lokaci ne, in riƙa dawowa awon jini, kada in ba kowa, kada in ƙaro a kemis in ya ƙare. In na ji zuciyata na dukan uku-uku ko ƙirjina ya riƙe, in ajiye shi in zo. Ta kuma ce in riƙa zuwa gona da ƙafa. Na ce to, na fito ina ƙunƙuni.

Ban gaya wa kowa ba sai matata. A wajenmu maganin rage ƙiba na 'yan matan birni ne masu ɗaukar hoto a waya. In mazan tabarma suka ji Alhaji guda yana shan sa, har jikokina sai sun gaji sunan da za a laƙaba mini.

Maganin ya yi aiki fiye da yadda na zata. Bakina ya bushe, tuwo ya koma mini kamar dusa. In na yi 'yan lomomi a kwanon farko da na biyu, shi ke nan, cikina ya rufe. Sai in wanke hannu in ja baya, in ce na sha fura da la'asar.

Matsalar ita ce kwanon maƙwabcina shi ke fitowa a ƙarshe. Manomi ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma matarsa tana aikin surfe, ba ta ɗora tukunya da wuri. Miyar kukarta kuwa babu irinta a unguwar, ni ne ma na fi kowa yabonta, har nakan ce a bar mini suɗi. Ga shi kuma a daminar da ta wuce mun yi rigimar iyakar gona da shi, dattijo ya raba, aka ba ni gaskiya. Tun daga nan muke lallaɓa juna. Yanzu kullum kwanonsa na isowa, ni kuma ina goge hannu. Ni ban lura ba, amma kowa ya lura.

Wata rana maƙwabcin nawa ya karɓi kwanon gidansa, ya ajiye shi a gabana, ya buɗe. Ya gutsuri tuwo daga ɓangaren da ke kallona, ya dangwali miya sosai, ya haɗiye. Sannan ya ce, "Alhaji, ka ga na fara ci. Bismillah."

Sai a lokacin na gane abin da ake faɗa a bayana, wai ina tsoron an zuba mini sammu saboda gonar nan. Dattijo ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Gaskiyar tana bakina, amma girman kai ya danne ta. Na ce, "Haba Malam, wace irin magana ce wannan?" Na sa hannu. Na ci kamar yadda na saba ci a da, ina turawa da ƙarfi, ina yabon daddawa, gumi na keto mini. Sai da na ga gindin kwanon. Ina miƙewa cikina ya juya. Na yi sauri na zaga bayan katanga, duk abin da na ci ya dawo, kuma babu wanda bai ji ba. A garinmu an san wanda ke zagawa ya amayar da abincin wani, an kuma san dalili.

Washegari kwanonsa bai fito ba. Shi ma bai fito ba.

Da na koma awo na ba likita labari. Ta yi mini faɗa, ta ce ba a cika ciki da ƙarfi a kan wannan magani, kuma ba ta ce in yi gaba da abinci ba, kaɗan-kaɗan ta ce. Jinina lafiya, nauyi yana sauka, ta ce in ƙarasa abin da ya rage. Na fito ina jin kamar an ɗaure ni ta gaba da baya. In na bar maganin, ni da kujerar roba har abada. In na ci gaba da ɓoyewa, na zama mai zargin maƙwabci da kisa.

Na same shi a gona yana karyar masara. Da ƙafa na je, ina haki. Na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Na ciro kwalin maganin na miƙa masa, na faɗa masa komai, har da tsoron dariyar da ya rufe mini baki. Ya juya kwalin a hannunsa ya daɗe, ko da yake ba ya karatun boko. Na zaci zai yi dariya. Wallahi da ya yi, da na ji daɗi.

Ya ce, "Na yarda da kai, Alhaji. Ni namiji ne, gobe ma sai in dawo tabarma. Amma ba ni na dafa ba. Mata sun daina kawo wa matata surfe. A gidan suna ta miƙa wa wata yarinya ƙosai, uwar ta fizge. Matar tawa ta rantse ba za ta ƙara fitar da kwano ba."

Na tura matata ta ba matarsa haƙuri. An yi mata shimfiɗa, an gaisa, an tambayi yara, da ta ɗauko maganar sai aka ce ba komai, aka tashi duba tukunya. Na faɗi gaskiya a tabarma, aka yi mini dariyar da nake gudu, ta kwana biyu ta wuce. Amma zancen da ya shiga cikin gidaje bai fito ba.

Yau ina kai goshina ƙasa, na gode wa Allah. Maƙwabcina yana zuwa ciyayya hannu rabbana, ya zauna a gefe, ya ci na mutane a takure. Ita kuwa matar mutum ce, ba ni da hanyar tsayawa a gabanta in ce ta yafe mini. Da hantsi nakan jiyo taɓaryarta ta bayan katanga, tana surfen gidanta kaɗai, ba ta daɗewa take ajiyewa.