Hausar da Na Ɓoye wa Kakana

Lokacin da abin nan ya faru ina ɗan shekara goma sha biyar, muna zaune a wani flat na gidan bene a unguwar Woolwich ta Landan. Da ana ba da digiri a kan tsokana, da tun ina firamare na zama farfesa. Babbar dabarata a gida ita ce nuna ba na jin Hausa. Ina goye aka zo da ni Landan, kowa ya ɗauka harshen a jirgi ya zube. Alhali ina ji tsaf, har gulmar da Mama ke yi da ƙawayenta a waya ina kwashewa. Amma da ta ce in wanke kwanuka, sai in zaro ido kamar an yi min Sinanci, har ta gaji ta wanke abinta.

Abu na biyu da na ƙware a kai, a ganina, shi ne gasar poker ta intanet, wani wasan karta na Turawa. Ba ta kuɗi ba ce, kuɗin wasa ake rabawa, waɗanda ko alewa ba sa saye, ko da yake Mama ta ce caca caca ce ko da tsakuwa ake yin ta. Salona ɗaya ne. Idan karta mai ƙarfi ta zo min, sai in noƙe in yi kamar ba ni da komai, in bar abokan wasa su yi ta zubawa, a ƙarshe in buɗe in kwashe. Sau ɗaya ko biyu dabarar ta ci, tun daga nan nake tafiya a titi kamar ni na gina kogin Thames.

Sai aka kawo kakana na wajen uwa daga Kano, za a yi masa aikin zuciya a babban asibitin Camberwell. Tun a bakin ƙofa ya fara wasan kaka da jika. Ya ƙare min kallo, ya ce wannan siririn Baturen ne aka ce zai ƙwace masa matarsa Hajiya, ai ko kuɗin goro ba zai iya ba. Amsa ta zo min har bakin leɓe, na haɗiye. A take na yanke shawarar in yi masa irin ta poker: in bar shi ya yi ta zuba tsokana yana ganin kurma ya samu, ranar da zai koma gida, a filin jirgi, gaban kowa, in buɗe baki in rama duka da Hausa. Har na ga yadda hularsa za ta faɗi.

Haka muka yi makonni ana jiran ranar aiki. Kullum da sabon suna, yau Bature, gobe sandar rake, jibi ɓarawon mata. Ni kuwa in yi murmushin wawa in ce masa yes, in shiga banɗaki in yi ta gwada ramuwata a madubi. Na tanadi zancen haƙoransa da ba sa iya kilishi, da yadda yake yi wa ƙofar tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sallama, da cewa Hajiya ta gaji da tsoho mai minshari kamar injin niƙa. Sau ɗaya na ji yana ce wa Mama, ba da wasa ba, abin da ke damunsa shi ne zai mutu bai taɓa jin jikansa ya zage shi ba. Na ji wani abu ya soke ni, amma na ce wa kaina hakan ma ya ƙara wa ranar daɗi.

Wata Asabar da rana ya zauna kusa da ni ina gasa. Tsohon ɗan karta ne a zamanin samartakarsa, kafin ya tuba, don haka da ɗan Turancinsa da nuni da yatsa ya gane wasan. Sai ga as biyu a hannuna, babu abin da ya fi su a farkon rabo. Na noƙe kamar kullum, ban ƙara ko sisi ba, na bar kowa ya ga sauran kartar a arha. Wani mai tarkace a hannu ya yi ta bi, kartar ƙarshe ta haɗa masa jeri, ya share ni daga gasar. Kaka ya yi dariya har da tari. Ya dubi Mama ya ce, "Gaya wa Baturen nan, maharbin da ya ga zabo ya ce sai ya ƙara ƙiba, miyar kuka tsura zai sha." Mama ta fassara min. Na gyaɗa kai kamar sai a lokacin na ji.

An yi aikin, zuciyar ta gyaru, amma kafin a sallame shi jini ya toshe masa a ƙwaƙwalwa. Ya farfaɗo, yana magana, yana sallarsa, sai dai fuskoki sun ɓace masa. Hajiya kawai ya riƙe. A keken marasa lafiya aka kai shi filin jirgi, ina tura shi, da ramuwata cike da baki babu inda zan sauke.

Bayan sallar layya aka haɗa mu a waya ta bidiyo. Na ce yau ko me zai faru sai na buɗe kartata. Na gaishe shi da Hausa, Mama ta saki cokalin da ke hannunta. Sannan na zuba masa duka, haƙora, minshari, ƙofar tube, na ce ina nan zuwa ɗaukar Hajiya. Ya saurare ni har na gama. Ya gyara hularsa, ya ɗan russuna, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri in na taɓa yi maka laifi. Ɗan gidan wa ne kai?"

Ban taɓa sanin girmamawa tana ciwo ba sai ranar. Har yau duk Juma'a ina kiransa, kullum Malam nake. Da zan sami wanda zai sake ce min sandar rake da muryar nan, da na wanke kwanukan Woolwich gaba ɗaya har na maƙwabta.

Na goge wasan daga wayata, Mama ta yi gaskiya, ƙofar caca ce ko babu kuɗi. Amma darasi ɗaya na fito da shi: wanda ya sami karta mai ƙarfi ya zuba tun ana zaune, domin ba shi ke raba ta ƙarshe ba. 'Yan'uwana da ke tashi a ƙasar nan, na san da yawanku kuna ji, kuna noƙewa. Idan kuna da tsoho mai tsokanarku, ku rama yau, ko da gurguwar Hausa ce. Shi dariyar yake jira.