Tukunyar da Murhu Ya Ƙi

Da masu gidajen hayarmu na Gate City, a nan ƙasar waje, suka cire murhun gas suka kawo na zamani, ban yi musu ba. An ce kamfanonin ƙera kayan girki sun koma yin irin wanda ba ya hayaƙi, don a rage ɗumamar duniya. Na ce madalla, ni ma ina so jikokina su tarar da iska mai kyau. Sabon murhun baƙin gilashi ne a shimfiɗe, ba harshen wuta ko ɗaya.

Ranar Asabar na ɗora tukunyar tuwo, ruwa ya ƙi ko ɗumi. Na danna nan, na danna can, murhu sai ƙyafta mini ido yake kamar mai ƙarya. 'Yata, da aka haifa a nan, ta leƙo ta yi mini bayani: da maganaɗisu yake aiki, ƙarfe yake ji, bai san tukunyar dalma ba, balle mai zagayayyen gindi irin tawa. Ta ce a ofishin gidajen ana karɓar tsofaffin tukwane a narke, a ba mutum sababbi.

"Mama, pot ce kawai fa," in ji ta.

Raina ya ɓaci sosai. Tukunyar mahaifiyata ce. A Panteka ta Kaduna aka zuba ta da gwangwanaye da tarkacen inji, tun kafin masu kamfani su gano cewa sake narka shara abin alfahari ne. Da zan taso, takalmana na cire daga akwati don ta samu wuri. Mahaifiyata ta rasu ina nan, takarduna na zama ba su fito ba balle in je gida, ban ga kabarinta ba har yau. Abin da hannunta ya taɓa kuma nake iya taɓawa, wannan tukunyar ce kaɗai.

Na naɗe ta a zani na kai wa wani Alhaji ɗan zangon Kumasi mai walda a garejin motoci. Ya juya ta, ya yi dariya, ya ce matarsa ma da kyar aka raba ta da tata. Ya yanko faifan ƙarfe mai kauri, ya yi masa gurbi daidai gindinta. Murhu ya gasa faifan, faifan ya gasa tukunya.

Tuwon yana ɗaukar lokaci, sai na gaji da tsayuwa. 'Yata ta ce dabarar tana cin wuta, ta ɓata amfanin murhun. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa miya da shayi na koma yi a sababbin tukwane. Amma tuwo, a'a.

Rannan ta sake tayar da maganar ina tuƙi. Ban ko ajiye muciya ba na ce mata, "Tukunyar nan ta ga bayan murhun itace, ta ga bayan risho, ta ga bayan gas. Wannan ma za ta ga bayansa. Ranar da ba na nan, ke za ki nemo mata gurbi."