Sai Inji Ya Sha Gahawa

Duk wanda ya ce muku Reino Harju mutumin kirki ne, bai taɓa zama maƙwabcinsa ba. Ni na zauna da shi. Shekara talatin da ɗoriya ba abin da ya raba gidana da nasa sai shingen katako, kuma in na ce mun taɓa wuni lafiya na yi ƙarya. Sunana Lempi, matar marigayi Waino Salmi, amma a bakin Reino ban taɓa wuce "ke matar Salmi" ba. Ni ma ban raga masa ba, Harju nake ce masa kai tsaye.

A garin nan namu na bakin tafki, can ƙuryar arewacin Michigan, aka haife shi, a cikin gidan da na same shi. Ubansa mahaƙin tagulla ne, shi ya kafa gidan da hannunsa. Reino ma ya shiga rami yana saurayi, da aka rufe ramin ya koma jan motar katako har bayansa ya gaza. Ya auri Verna, baiwar Allah mai haƙurin da ban san inda ta samo shi ba, suka haifi 'ya ɗaya, Marla. Marla ta yi aure can kudu, inda dusar ƙanƙara ba ta kai gwiwa, ba ta zuwa sai da bazara. Verna ta rasu. Aka bar mini shi, shi da gidan da jan injinsa na kwashe ƙanƙara.

Injin nan shi ne mafarin tsiyar. Hunturun farko da muka tare, ina tsaye ina wanke-wanke sai na ji tas! Tsakuwa ta faso tagar kicin ta faɗa cikin tukunya. Na leƙa, ga mutumin ya karkato bututun injin saitin gidana, yana ta feso mana duk abin da ya kwaso daga tasa hanyar. Na fita ko mayafi babu.

"Kai Harju! Ka fasa mini taga!"

Ya kashe injin, ya dube ni sama da ƙasa. "Gilashinki ne na banza. Na gidan nan ya girme shi, ga shi nan daram."

"Ka juya bakin abin nan wajen gidanka mana!"

"Iska ce ke kai miki. Je ki yi wa iska masifa."

Waino ya ce in bar shi, maƙwabci ne. Waino kenan, ko ƙafarsa ka taka sai ya ba ka haƙuri. Ni ba haka aka yi ni ba.

Daga ranar Reino ya ɗauki alkawari tsakaninsa da zuciyarsa cewa ba zai taɓa yarda da maganar da ta fito daga bakina ba. In na ce fari, baƙi ne. Na taɓa ce wa mai kawo wasiƙa yau za a yi sanyi, Reino na ji ya cire hularsa ya cusa a aljihu, ya wuni a waje kai ba komai, kunnuwansa suka kumbura suka yi jajir. A taron coci na ce a gyara rufin ɗakin taro, ya miƙe ya ce rufin lafiyarsa ƙalau, alhali ruwa na ɗiga a kafaɗarsa. Ranar jana'izar Verna na gasa burodi mai nama da dankali na kai, na ce, "Ta huta, Harju." Ya karɓi tiren ya ce, "Da wa ya ce miki ta gaji?" Mutum a gaban gawar matarsa! Hali zanen dutse, in ji masu magana.

Amma zan faɗi abu ɗaya, ba don ina so ba. A kan injin nan ba shi da wasa, kuma da jininsa ya sayi darasin. Bayan auren Marla ne, wata safiya jiƙaƙƙiyar ƙanƙara ta toshe bututun. Ya kashe injin, ya cusa hannu zai ƙwaƙulo. Ashe ko an kashe, haƙoran ciki suna nan a ɗame, jira suke a sake su. Yana cire abin da ya toshe suka juya, suka tafi da yatsunsa biyu na dama. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Shi kuwa Reino bai tsaya a gudu ba, wa'azi ya kama. Ya ɗaure guntun sandar tsintsiya a jikin injin, ita ce mai shiga bututu. In ya hango wani ya tayar da nasa a cikin gareji ƙofa a rufe, sai ya je ya dinga dukan ƙofar da ƙafa yana ihu, "Buɗe, sakarai! Hayaƙin nan ba ya wari, sai dai a wayi gari a kwashe ka!" Ba wanda ya tsira daga bakinsa, har fasto.

Babbar dokarsa kuwa ta fetur ce. In mai ya ƙare ana cikin aiki, ba a zuba wani sai inji ya huce, domin salansar tana nan da zafin da ɗigo ɗaya ya isa ya tayar da gobara. Shi yadda yake auna lokacin, ya shiga gida, ya haɗa gahawa, ya shanye kofi guda a zaune, sannan ya fito da jarka da mazurari ya zuba a fili. "Sai inji ya sha gahawa," haka yake cewa. Tun ana yi masa dariya har maganar ta bi gari. A gidan mai, a shagon aski, ko'ina za ka ji wani na ce wa ɗansa, "Ajiye jarkar nan, bai sha gahawa ba." Ni kaina haka nake yi da nawa ƙaramin injin, sai dai a bayan gida, inda ba zai gan ni ya ji daɗi ba.

Tsufa ya zo masa kamar yadda yake zuwa wa kowa. Ya zame a matakala ya kwana biyu a asibiti. Wata rana ya bar tukunya a wuta har hayaƙi ya fito ta taga. Da bazara Marla ta zo, suka yi ta a tsakar gida, duk layin na ji.

"Baba, na samo maka ɗaki a gidan tsofaffi kusa da ni. Akwai masu kula, akwai ɗumi."

"A gidan nan aka yanke cibiyata, a nan za a fitar da ni a kwance."

"To ji nan. Da sanyi zan zo, ba zan faɗa maka rana ba. In na tarar ba ka iya buɗe hanyar gidanka, ko na ga kanka ya fara rawa, ranar za ka bi ni. Ka yarda?"

"Na yarda. Ki zo ki ga hanya."

Ni da na ji, har wata 'yar rawa na taka a kicin. Na ce Allah ya kawo ranar.

Hunturun nan ya zo da ƙarfinsa, Reino kuma ya riƙe hanyar nan kamar ransa. Kafin gari ya gama wayewa za ka ji injin na ruri. Sai dai na lura da abu guda. Ya daina shiga gida shan gahawar. Cire takalman sanyi da sake sa su ya fi ƙarfin bayansa, matakalar kuma tsoronta yake. Saboda haka in mai ya ƙare, sai ya tsaya ƙiƙam a gaban injin, hannu a aljihu, kai a sunkuye, leɓɓansa na motsi yana auna lokacin a ransa. Wanda bai sani ba sai ya ce mutumin ya manta sunansa ne.

Ranar da abin ya faru, an kwana ana zuba dusar ƙanƙara. Da hantsi motar share titi ta wuce ta tara masa ganuwa a bakin hanya, mai tauri, ta kai ƙugu. Ya ci rabin hanyar kenan injin ya yi tari ya mutu. Mai ya ƙare. Ya ɗauko jarka daga gareji ya ajiye can gefe, ya dawo ya yi tsayuwar tasa. Ina bakin shinge da shebur ina kankare matakalata, sai ga wata farar mota ta tsaya a titi. Marla ce.

Ta haura ganuwar da ƙyar, ƙanƙara har cikin takalminta. Ta dubi hanyar da ba a gama ba, ta dubi ubanta. Shi ko ɗagowa bai yi ba.

"Baba? Baba, lafiya? Me kake yi a tsaye cikin sanyin nan?"

"Jira nake."

"Jiran wa?"

"Sai ya sha gahawa."

Ta waiga hagu da dama, ba kowa. Ta sassauta murya irin yadda ake yi wa mara lafiya. "Wa zai sha gahawa, Baba?"

Ya nuna injin da haɓa. "Shi mana. Wa kike gani a nan?"

Na ga fuskar yarinyar nan ta canza, idonta ya kawo ruwa. Ita ba ta taɓa yin hunturu a garin ba tun da aka fara maganar, ina za ta sani? Ta juyo wajena. "Madam Salmi, don Allah ki faɗa mini gaskiya. Ya daɗe yana irin wannan?"

Ga dama ta zo har hannuna. In ce "kullum" kawai, kuma ban yi ƙarya ba, shi kenan na rabu da ƙaya. Na tsani mutumin nan, ban ɓoye wa kowa ba. Amma in za a kore shi, a kore shi kan abin da ya yi, ga su nan birjik, ba kan abu ɗaya tak da yake yi daidai ba. Na soka shebur a ƙasa.

"Marla, kan ubanki ƙalau yake, mugun hali ne kawai ke damunsa, shi kuma da shi aka haife shi. Mai ne ya ƙare. Injin da zafi, ba a zuba masa fetur sai ya huce, shi ne ake cewa sai ya sha gahawa. Duk garin nan haka ake faɗa, daga bakinsa aka koya. A wannan kam Harju yana da gaskiya."

Marla ta sauke ajiyar zuciya har da dafe ƙirji. Ta buɗe baki za ta yi dariya. Da Reino ya yi shiru, da an gama.

Sai ya ɗago kai a hankali ya zuba mini ido. "Wa ya sa bakinki?"

"Tambayata aka yi."

"Me kika ce yanzu?"

"Na ce kana da gaskiya. Ko kunnen ma ya tafi?"

"Ke za ki ba ni gaskiya? Ke? Yaushe kika san inji, matar Salmi? Ya huce tun ɗazu! Hutawa kawai nake!"

"Bai huce ba, yanzu ya mutu a gabana. Ga tururi nan na tashi a kan salansa."

"Na ce ya huce!"

"Harju, kada ka soma."

Ai kamar na ce masa soma. Ya taka ya fizgo jarkar, ko mazurarin bai nema ba. Marla na cewa, "Baba, bari mana, na yarda, na gane," bai ko kalle ta ba, ni yake kallo. Ya murɗe murfin tanki da yatsunsa uku, ya kafa jarkar cikin fushi. Rabi ya shiga tanki, rabi ya kwarara a gefe.

Fuu! Wutar ta tashi sama da kansa. Ya saki jarkar ya ja da baya, hannun rigarsa na ci. Ban san lokacin da na keta shingen ba. Na hankaɗa shi cikin tarin ƙanƙara na danne hannun, ina tura masa ita da duka hannuwana, ina zaginsa, zagin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Marla ta ruga barandata ta ɗauko tukunyar kashe gobara, ta feshe injin har wutar ta mutu. Injin ya koma baƙi ƙirin, tayoyin sun narke, wari ya cika layin.

Reino ya tashi zaune. Girarsa ta tafi, bayan hannunsa ya saɓule. Marla ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba. Ta ajiye tukunyar, ta haura ganuwar, ta buɗe ƙofar motarta ta riƙe.

"Baba, taso. Asibiti tukuna. Kayanka zan aiko a kwasa."

Na jira ya yi gardama. Wallahi har so nake ya yi. Ya juya ya dubi gidan, tun daga matakala har bututun hayaƙi, ya daɗe yana kallo.

"Ban kulle ƙofa ba," ya ce.

"Zan kulle," na ce.

Ya miƙe da kansa, ya ƙi karɓar hannuna. Marla ta kama shi suka haura ganuwar. Da ta tayar da mota sai na ga gilashin gefensa na sauka, ya leƙo da fuskar nan ba gira.

"Ke matar Salmi."

"Mene ne?"

"Da kin rufe bakinki, da yanzu ya huce."

Na cika na yi fam. Motar ta ja. Bai sake kwana a gidan ba.