Tumatirin da na shanya a motar Baffa

Ko zan manta da komai na shekarun nan na tsada, ba na jin zan manta da abin da na yi wa kujerun motar Baffana, yayan mahaifina. Har yau in na ji ƙamshin busasshen tumatir sai in yi murmushi ni kaɗai.

A lokacin an yi wa Baffa canjin wurin aiki zuwa kudu. Kafin ya tafi ya kawo motarsa ƙauyenmu da ke bayan Dawakin Tofa, ya ajiye a filin bayan gidanmu. Mota ce mai kujerun fata ruwan madara, masu laushi kamar tafin hannun jariri. Ya miƙa wa Baba makulli ya ce, "Ga amana nan." Baba ya ce, "Yadda ka ba ni haka za ka same ta, in sha Allahu." Ya lulluɓe ta da tamfol, ya rataye makullin a ƙusa. Ko sau ɗaya bai hau ta ba, don man fetur ya fi ƙarfin kowa a shekarar.

Ni kuwa ina gida, makaranta ta yi dogon hutu. Lambun Baba ya yi tumatir da yawa, sai muka riƙa yankawa muna shanyawa saboda damina, lokacin da kayan miya ke gagarar talaka. Matsalarmu kaji da awaki. Da ka shimfiɗa shanya ka juya baya, sun yi biki.

Wata rana da hantsi na ɗaga tamfol ɗin don in leƙa. Na ɗauko makulli na buɗe ƙofa, wani zafi ya bugi fuskata kamar na buɗe tanda. Nan take ilimin boko ya motsa mini. Na tuna darasin da aka yi mana cewa gilashi yana shigar da zafin rana ya hana shi fita. Na ruga wajen Inna na ce, "Na samo mana wurin shanya da kaza ba ta isa ta shiga ba!"

Ta dube ni ta ce, "Ke dai da dabara. Babanki ya sani?"

Na ce, "Ai buhu zan shimfiɗa, babu abin da zai taɓa kujera."

Haka na yi ta yi kusan wata biyu. Baba na fita lambu in yaye tamfol, in jera tumatir a kan buhuna, in rufe gilasai. Kafin la'asar in kwashe tumatirin in mayar da tamfol. Ina son lokutan nan ƙwarai. Nakan zauna a inuwar katanga da littafina, ina kallon jajayen yankan ta cikin gilashi kamar furanni a lambun da ni kaɗai na san da shi. Muka cika buhu uku.

Ranar da na ɗage buhunan gaba ɗaya ne na ga ruwan tumatir ya ratsa, ya bar taswira a kujerun. Maimakon in tsaya in yi tambaya, sai na kaɗa garin sabulun wanki, na sa soso na dirje su tas, na bar ƙofofi a buɗe rana ta busar da su yadda muke yi wa tabarma. Bayan kwana biyu fatar ta ƙandare ta daddare, irin tsagewar ƙasar fadama da rani. Kujerar direba ma har soson ciki ya leƙo. A makon ne kuma Baffa ya aiko cewa yana tafe ƙarshen wata.

Na sami Baba yana alwala, na durƙusa na faɗa masa komai. Ya je ya duba, ya daɗe yana shafa tsagar da yatsa. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana. Ya ce, "Uwata, da wane ido zan kalli Yaya?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari ya kira wani tsohon baduku, mai ɗinkin fata a kasuwarmu. Tsohon ya shinshina kujerar ya yi dariya. "Wa ya dafa miya a nan? 'Yata, fata ko ta rabu da dabba tana nan da halinta. Rana ta tsotse maiƙonta, tsami ya ci fuskarta, ke kuma kika zo da sabulu kika ƙarasa ta. Ke kya yi wanka da garin wanki ki kwanta a rana ba mai?" Kwana huɗu ya yi yana shafa mai a inda zai farfaɗo, inda ya mutu kuma ya yi faci da jar fatar akuya, da ɗinki siriri mai kyau. Ta yi kyau, amma makaho ma ya san ba haka aka kawo ta ba.

Da Baffa ya iso ya buɗe motar, sai ya tsura wa facin ido. Baba ya fara cewa, "Yaya, sakacina ne..." Na tari numfashinsa na ce, "Baffa, ni ce. Tumatir na shanya a ciki."

"Tumatir?" Ya dube ni, ya dubi Baba, sai dariya ta ƙwace masa har ya dafa ƙofa. "Yanzu ni wa zan kai ƙara? Uwata ta yi shanya a motata!" Ya zauna a kan facin, ya ɗan jijjiga, ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Wanda ya ajiye mota shekara guda bai ko tayar da ita ba, ba a yi masa maganar amana." A nan na ga hankalin Baba ya kwanta.

Abin da na koya shi ne, karatu yakan nuna maka yadda abu zai yiwu, amma ba ya gaya maka ko kana da izinin yi. Tun daga ranar, kafin in gwada dabarata a kan kayan da ba nawa ba, sai na fara tambayar wanda aka damƙa wa.