Duron Bajapane

Ni dai har yau ban cika yarda da mutumin da yake yi mini murmushi alhali ban ba shi dariya ba. Hali ne marar kyau, na sani, matata ta faɗa mini ya fi a ƙirga. Wannan halin ne ya haɗa ni da Bajapanen da ya kama ɗaki a saman wani gida a unguwar Zahir, shekarun da nake ga-ruwa a Makka.

Ta Sudan muka biyo ni da matata, muka sauke farali, muka ce bari mu ɗan huta kafin mu juya gida. Hutun nan sai da ya kai mu ga 'ya'ya uku. Ba mu da ikama, wato takardar izinin zama, ba mu da komai sai garwa biyu da sandar rataya su. A lokacin famfo bai shiga gidajen unguwarmu ba. Sai a je bazan, inda kowa yake ɗibar ruwa, a cika garewani, a saɓa a kafaɗa, a yi ta hawa benaye. Larabawa suna kiran ɗan ga-ruwa sagga, baƙin fata irinmu kuma Takaruni. Wanda ba shi da takarda kuwa doka ɗaya yake bi: kada a san da shi. In rigima ta tashi a layi, ko ba kai ka tsokano ta ba, kai za a fara tambaya ina ikamarka. Daga nan sai Jidda, daga Jidda sai jirgin ruwa. Na ga an yi wa maza haka sun bar mata da yara a tsakar ɗaki, kuma kullum da wannan tsoron nake kwana nake tashi.

Mai gidan da Bajapanen ya kama ɗaki, wani dattijo ne ɗan Hijaz mai shagon yadi. Shi ya tare ni ya ce na riƙa kai wa baƙonsa ruwa.

"Yabani ne," in ji shi. "Musulmi ne, karatu ya zo yi a Harami."

Iyakar abin da na sani game da Japan shi ne 'yan kasuwa suna cewa rediyo da fitilar hannu daga can ake kawo su. Ban taɓa zaton akwai masu salla a cikinsu ba. Da na hau na same shi, siriri, mai gilashi, zai yi shekara talatin. Ina sauke garwa sai ya haɗa ƙafafu ya rusuna mini. Na waiga bayana in ga ko wani babba ne ya biyo ni, babu kowa. Mai gilashi da agogo ya rusuna wa ɗan ga-ruwa? Nan take na ce a raina, wannan akwai abin da yake ɓoyewa.

Na sa masa ido, kuma aikina ya ba ni dama, don mai ruwa yana shiga inda surukai ma ba sa shiga. Da asuba ya tafi Harami, sai hantsi ya dawo da littattafai a hammata. Ya dafa shinkafa fara fat, ba mai ba miya, ya zauna ya tsince ta da tsinke biyu. Sau biyu yake share soron nan a rana, ko ba abin sharewa. Wani lokaci na tarar da shi yana zana baƙaƙen garinsu da wani alƙalami mai gashi a baki, daga sama zuwa ƙasa. Bayan la'asar ya naɗe ƙafafu ya fuskanci duwatsu ya yi shiru, ba carbi a hannunsa, ba rediyo. Ba ya zuwa shagon gahawa hira, ba ya ziyartar kowa, ba mai ziyartarsa. Mu da muke mutum takwas a ɗaki biyu, iyalina da wasu 'yan ƙasarmu, in ka ga mutum ya zaɓi zama shi kaɗai, ba alheri kake fara kawowa a ranka ba.

A wata na uku na hau na tarar da duro. Babban duron mai ne, an yanke kansa, an wanke shi tas, an ɗora a kan duwatsun murhu, an kewaye da tabarmi. Gefe ga buhun gawayi. Ya ce daga yau, Litinin da Alhamis, sawu shida yake so. Gidan da ke da mutum goma sawu uku nake kai musu, su sha, su dafa, su yi wanki, har su yayyafa wa tsakar gida.

Na ce, "Esh hada, ya hajji? Mene ne wannan?"

Ya yi murmushin nan nasa, ya shafa hannayensa da ƙirjinsa, ya ce da Larabcinsa na littafi, "Wanka."

Raina ya ɓaci, don na ga ya raina mini hankali. Wanka a kan wuta? A Makka, inda ruwan da ka bari a garwa da rana sai ka jira ya huce kafin ka yi alwala da shi? Ni fa a kusa da ƙauyen da ake dafa burkutu na tashi. Na san duro, na san wuta a ƙarƙashinsa, na san hatsi. Da nake juye ruwan na leƙa, na ga wani katako mai ramuka-ramuka a ƙasan duron, na ce ga matacin. Ga murfin katako an sassaƙa daidai bakinsa. Ga buhun shinkafa a ɗaki. Abin da ya ƙarasa ni shi ne wata tukunyar ƙasa a lungu, an danne bakinta da dutse, wani tsami yana tashi daga cikinta har ya bugi hancina.

Na koma gida kai tsaye. Matata tana tankaɗe, ta ɗago ta dube ni.

"Malam, lafiya?"

"Ina fa lafiya. Yabanin nan giya yake dafawa, kuma ni nake kai masa ruwan."

"Subhanallahi! A Makka? Ka gani da idonka?"

"Sai na sha sannan za ki yarda?"

"To ka daina kai masa mana, khalas."

"In daina yanzu? Duk layin sun ga ina hawa sau shida. Ranar da asiri ya tonu, shi yana da fasfo, yana da ƙasar da za ta tambayi inda yake. Ni wa zai tambaya?"

Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, "Ni dai ka tabbatar tukuna. Zato ba ya da kyau." Na ce mata ita ba ta san duniya ba, na fita.

Amma maganar ta zauna mini. Ranar Alhamis, bayan sawu na shida, na yi kamar na sauka, na maƙale a kan matakala. Na ji yana fifita gawayi. An jima tururi ya fara tashi ta saman tabarmi. Sai na ji ruwa ya motsa, na ji ya ja wata doguwar ajiyar zuciya irin ta wanda abu ya ratsa shi har ƙashi. Daga nan ya kama waƙa ƙasa-ƙasa da yarensu. Mutumin da ko tari ba ka ji ya yi, yau shi ne da waƙa! Na sauka na zauna a bakin layi ina jira. Gab da magariba ya fito zai tafi masallaci, fuskarsa ja wur, idanunsa a lumshe, yana tafiya sakaka kamar an kwance masa gaɓoɓi. Da ya gan ni ya ɗaga hannu ya rangaɗa mini sallama da ƙarfi. Na amsa a ciki. Na ce shi ke nan, kuma a haka zai je ya tsaya gaban Ka'aba.

Marar takarda ba ya kai ƙara. Don haka washegari na je shagon mai gidan, na jira masu saye suka watse, na raɗa masa. Abin da na zata, zai hau shi kaɗai ya ce wa baƙon ya nemi wani wuri, a rabu lafiya, ni kuma a shaide ni cewa ni na faɗa. Ban lissafa da cewa tsoho ya fi ni tsoro ba. Awon yadin ya faɗi daga hannunsa, ya ce, "A gidana? Ya sattar!" Kafin in ce ya bi a hankali ya rufe shago ya nufi gidan umda, mai unguwa ke nan.

Alhamis ta zagayo. Na kai sawu shida kamar kullum. Sannan na ɗauki sawu ɗaya na kai gidan da ke maƙwabtaka, wanda ba su ma aike ni ba, na haye soronsu na laɓe a bayan katanga. Katangun soron Makka da ramuka ake gina su don iska, ana ganin komai.

Bayan la'asar suka hawo: umda a gaba da sandarsa, askari ɗaya, wato ɗan sanda, a bayansa, mai gida a ƙarshe yana haki. Ba su yi sallama ba. Askari ya fizge tabarmar.

Ga Bajapane a cikin duro, ruwa har wuya, ya ninke ɗan tawul ya ɗora a ka, idanunsa a rufe, garwashi yana ci a ƙarƙashinsa.

Askari ya yi tsalle baya ya ƙwala ihu, ya zaci dafa mutum ake yi. Umda ya tsaya baki buɗe. Ya matsa ya tsoma yatsa, ya sansana, ya ɗanɗana. Ruwa ne, ruwan da na ɗebo da kafaɗata. Katakon da na kira mataci, a kansa yake tsugune don kada ƙarfe ya ƙona masa ƙafa. Ga ɗan bokiti da sabulu a gefe, ashe sai ya wanke jikinsa tas a waje sannan ya shiga ya zauna. Aka ɗaga dutsen kan tukunya, aka tarar da kokwamba da yalo a cikin gishiri da dusa, abin da yake cin shinkafarsa da shi. Umda ya kama ciki yana dariya har sandarsa ta faɗi.

Shi bai yi dariya ba. Ya fito da zane ɗaure a ƙugu, ruwa yana ɗiga, ya lalubo gilashinsa ya sa. Ranar na fara ganin fuskarsa ba murmushi, kuma wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ya shiga ɗaki ya ɗauko takardunsa ya miƙa da hannu biyu. Umda ya duba ya mayar masa, ya ce, "Ma'alesh, ya ustaz. Yi haƙuri." Har ya juya zai sauka, sai ya tsaya ya sake kallon duron. Babban mutum ba ya son a ce ya hau bene hawa uku a banza.

"Wannan ruwa duka, wa yake hawo maka da shi? Takaruni ne? Yana da ikama?"

Na ƙara maƙalewa a bayan katanga. Mai gida ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, don shi ma ya san amsar ba za ta yi masa daɗi ba. Bajapanen kuwa ya san duk duniya mutum ɗaya ne ya taɓa shiga bayan tabarmin nan ya ga duro da tukunya. Ba sai an gaya masa wanda ya kai maganar ba. Kuma ya san ƙofar gidana, don ya taɓa bi ta layinmu ya ga yarana suna wasa.

Ya gyara gilashinsa ya ce, "Ni zan riƙa ɗebowa. Ruwana ne."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Ruwana ne," ya sake cewa. "Ni nake da alhakinsa."

Umda ya dubi siraran kafaɗunsa, ya dubi duron, ya yi wani ɗan murmushi. "Tayyib. Dakalina yana kallon bazan. Zan gan ka."

Ranar Litinin kuwa sai ga shi a bazan da sababbin garewani biyu da sanda. 'Yan ga-ruwa suka yi ta shewa, wani ya ce a ba ustazu hanya. Bai iya tafiyar ba, garwar gaba ta yi sama ta baya ta daki dunduniyarsa, kafin ya kai ƙofar gida rabin ruwan yana ƙasa. Abin da nake yi a sawu shida sai da ya yi tara. Umda yana kan dakali yana shan shayi yana ƙirgawa da ido. Ni kuwa ko kallon inda yake ban isa in yi ba, balle in karɓe shi.

Na ɗauka zai haƙura da wankan, ko ya rage. Bai rage ba. Alhamis ya dawo, Litinin ya sake dawowa. A mako na uku layi ya haɗa mu, yana bayana daf. Na saci kallonsa, na ga farar rigarsa ta manne da kafaɗa, jini ya bushe a wurin, sabo yana fitowa a kan tsohon. Duk hanya nakan shirya maganar ban haƙuri da Larabci, in na gan shi sai ta watse. Ranar ma ta watse. Abin da na iya kawai, na zare tsumman da nake naɗewa a ƙarƙashin sandata, na sake shi a kan garwarsa ba tare da na juya ba.

Na ji ya ɗauka. Ya daɗe yana ninkewa. Sannan ya yi magana a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.

"Ya sagga, yaranka nawa?"

Na ce, "Uku."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗora tsumman a kafaɗa, ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin sandar, ya miƙe da ƙyar, ya bi ta gaban dakalin umda ya wuce.